Dutsen Taimamar Ammi Sale

Har gobe ban manta da ranar da aka tsare mana Ammi Sale a kan dutse ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun san ni da kai mahajjata ziyara Uhudu da Ƙiblatain, amma akwai shekarar da sharikarmu, wato kamfaninmu, ta fara kai iyalai waje hutun zafi, ta tura ni Kanada a matsayin murshidi, wato jagoran tafiya. Fasfo ɗin kowa na hannuna, kuma duk abin da matafiyi ya yi, ni za a tambaya.

Ammi Sale, Ammi shi ne baffa a bakinmu, manomin dabino ne daga Badr, kakanninsa Kanawa kamar nawa. Bikin kammala karatun jikarsa ya je, sai yarinyar ta dage a kai su wani tsibiri da mutanen Norse suka zauna. Tsoffin matuƙan jiragen ruwa ne daga arewacin Turai, sun sauka can shekara kusan dubu da ta wuce. Ba abin da ya rage sai tuddan ciyawa inda ɗakunansu suke, da wasu bukkoki da aka sake ginawa. Dattijon ya dube su ya ce mini, wannan ne muka keto duniya dominsa?

A ƙofa an faɗa mana doka, na kuma fassara musu: ko tsakuwa ba a ɗauka, wanda ya ɗauka sai 'yan sanda. Ban damu ba, don kullum maganar da nake wa mahajjata ke nan a Uhudu.

Da azahar ta yi, iska na kaɗawa kamar a buɗe firji, dattijon ya koma gefe. Likita ya hana shi taɓa ruwan sanyi saboda ciwon fata, don haka yana yawo da dutsen taimama a aljihu. Ya ajiye shi a ciyawa, ya buga tafi, ya shafa, ya mayar aljihu. Mai gadi bai ga farkon ba, ƙarshen kawai ya gani.

Cikin ladabi ya ce a fito da abin. Da ya ga baƙin dutse mai santsi, sai fuskarsa ta canza, don cikin kayan da aka tono a wurin akwai dutsen wasa allura, kuma namu ya yi kama da abin da hannu ya sarrafa. Aka kai mu ofis, aka ce kada mu fita. Mutumin da ke limanci a unguwarsu ne ake shirin rubuta wa sata, a gaban jikarsa.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Ya waladi, ɗana, me suke cewa na yi?"

Na ce, "Ammi, mafi mushkila, ba matsala, tambaya ce kawai." Ni kaina ban yarda da maganata ba.

Aka kira wata mata mai binciken kayan tarihi. Na yi mata bayanin taimama, dattijon ya nuna mata a kan teburi. Ta ɗauki dutsen, ta juya shi ƙarƙashin gilashi, ta tambayi inda ya fito. Na ce daga baƙaƙen duwatsun da suka kewaye Madina, kuma na mahaifinsa ne. Ta ce ƙasar tsibirin ba ta da irin wannan dutse, santsin kuma na tafin hannu ne, ba na ƙarfe ba.

Da hannu biyu ta miƙa masa, ta ce in roƙe shi abu ɗaya: kada ya yar da shi a nan. In ya ɓace cikin ciyawa, wata rana wani zai tono shi ya rubuta cewa mutanen Madina sun riga kowa zuwa. Ammi Sale ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "Halas, shi ke nan, gaya mata mun zo, amma sanyi ya kore mu."

Abin da na koya shi ne, mai gadin nan aikina yake yi, kuma ƙarshen abu kawai mai gadi ke gani. Yanzu in na hangi alhaji ya sunkuya a Uhudu ya sa hannu a aljihu, nakan tuna fuskar Ammi Sale a ofishin nan. Sai in yi masa sallama, in tambaye shi ko dutsen nasa ne.