Dokta Nu'man da Mutum Biyu a Ƙarƙashinsa

A unguwar Birketeri ana kiran Dokta Nu'man "likitan ɓarayi", ko da yake bai taɓa yi wa kowa allura ba. Ɗan mai suya ne, ya yi karatu har ya zama malamin jami'a, yana binciken yadda jama'a ke kashe ɓarawo da hannunsu. Kullum sai an kwashe gawa yake isowa, ya yi ta tambayar waɗanda suka yi dukan. Matarsa Afra'u takan ce ko gobara aka yi, mijinta toka zai je ya yi wa tambayoyi.

Abin da ya gano ya sha faɗa wa ɗalibai: mai duka a cikin taro yana sakin sanda idan aka kira sunansa. Shi dai bai taɓa gwadawa ba.

Wata Juma'a bayan la'asar, aka kama wani ƙato ya fizge waya a hanyar Ekudu. Kafin Dokta ya kutsa, an fasa masa kai da bulo, hannunsa ya karye, an rataya masa taya.

Dokta ya tsaya a kansa.

"Tahiru mahauci, kai ne da katako? Sha'aibu, yanzu fa muka yi sahu ɗaya."

Tahiru ya sunkuyar da kai. Sha'aibu ya ɓoye dutse a bayansa. Amma mai riƙe da galan ɗin fetur ɗan babur ne daga unguwar Elig-Edzoa, Dokta bai san sunansa ba, shi kuma bai jin Hausa. Ya ɗauka Dokta abokin satar ne, ya shirga masa galan a baki. Haƙora biyu suka faɗo.

Da mutanen unguwa suka ga jini a farar rigar ɗansu, sai suka bar ɓarawo suka rufar wa ɗan babur da katako da duwatsu.

Dokta ya jawo shi da ƙafa, ya haɗa shi da ɓarawon, ya kife a kansu duka biyun. Duka uku ya ƙara sha a gadon baya kafin su gane bayan wa suke duka.

"Dokta, tashi mu gama da shi," in ji Tahiru.

"Wanne?" in ji Dokta, yana tofar da jini.

Tahiru ya duba, ya tafi neman tasi.

Su ukun aka jera a kujerar baya zuwa asibiti, kowa na numfashi. Dokta ya zauna a tsakiya, don kada su biyun su fara nasu.