Muryar Baba a Cikin Faifai

Muryar mahaifinmu ce a cikin wani kaset, awa uku cur, yana ba da labarin yadda kakanninmu fatake suka taso daga Katsina har suka zauna a Garuwa. Da ya rasu na juye kaset ɗin a kwamfuta, na yar da shi. Ni ga ɗan boko.

Cikin zafin bazara kwamfutar ta fara wani ƙyas-ƙyas kamar gara na cin azara. Na ɗauke ta a kan babur sai wurin wani mai gyara a bayan babbar kasuwa. Ya kara kunne, ya yamutsa fuska.

"Maigida, faifan ajiyar kwamfutar ya sami gurabe da suka lalace. Kowane kunnawa yana ƙara cin wasu. Na'urar kwashe abin da ke ciki tana Ngaundere, sai Asabar za ta iso. Don Allah kar ka kunna kwamfutar kafin nan."

Na yi alkawari, na koma da ita gida. Ranar Alhamis sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, daga Mayo-Ulo, ƙafafunta a kumbure saboda hanya. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ɗana, an ce Yaya yana cikin akwatinka. Kunna mini shi."

Ta yaya zan yi wa tsohuwa bayanin gurabe? A gidanmu ba a ce wa Gwaggo a'a. Na ɗora kwamfutar a kan murfin randa don ta sha sanyi, na kunna. Ta saurara tana kuka tana dariya, tana gyara masa sunayen garuruwa. Sau biyu muryar ta sarƙe. Ta ce a maimaita. Na maimaita.

Ranar Asabar muka wuni ni da mai gyara, gumi na ɗiga. Ya juya faifan, ya sa masa fanka, ya sake gwadawa. Na roƙe shi kamar shi ke riƙe da rai. Da la'asar ya miƙo mini abin da ya samu: minti huɗu, rabinsu tarin Baba ne da kukan akuya. Na zauna a dakalin shagon, na kasa tashi.

Da na koma gida Gwaggo na ɗaure kayanta.

"Ka adana mini Yaya da kyau," in ji ta. "Da Babbar Sallah zan zo da jikokina su ji asalinsu."

Na ce, "To, Gwaggo."