Kunnen Leda

Sau ɗaya tak na taɓa ganin an kayar da Mai Guga a faɗa, kuma mai kantin bakin titinmu ne ya kayar da ita, mutumin da ko kyanwar kantinsa ba ta shakkarsa.

Ta shiga da naɗin ledar rufe abinci a hannu ɗaya, kwanon miya a ɗayan, ni kuma ina biye da ita don kada a yi abu ba ni. Ta dangwarar da ledar a gabansa.

"Ungo tsiyarka. Ka ce mini tana kamawa. Wannan ko gulma ba za ta riƙe ba, balle miya."

"Mama, a kan me kika shimfiɗa ta?"

"A kan kakarka. A kan kwano mana!"

Ya karɓi kwanon, ya shafa bakinsa da yatsa, ya ɗaga mata ta ga maiƙo yana ƙyalli. Sai ya sauko da wani kwanon tangaran daga cikin kayansa, ya juye miyar, ya goge bakin da tsumma har ya bushe, ya ja ledar ta miƙe sosai, ya danne ta kewaye da babban yatsa. Daga nan ya kife kwanon a saman kansa. Ko ɗigo bai zubo ba.

"Leda ba ta da laifi, Mama. Ba ta son roba, ba ta son laima, ba ta son maiƙo. Wankinki ne bai fita ba."

Matar da ta yi shekara ashirin da shida a ɗakin wankin otel ake gaya wa wankinta bai fita ba, a gaban masu sayen sabulu. Ta sayi kwanon tangaran ɗin, muka fito. Na yi ta dariya har ƙafar bene, inda na dubi fuskarta na ga ba faɗan take tunani ba. Laɓɓanta na motsi, tana maimaita abin da ya faɗa kamar mai hadda.

Ƙofarta na kallon tawa tun muna da sauran haƙora. 'Yar mai wanki ce, a cikin tururi ta tashi, kuma duk wuyan hannunta tabon bakin dutsen guga ne. Zanin gado ɗari take gogewa kafin azahar. Ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce, ko labulen wani ne. Mijinta shi ne Kafinta, wanda ya yi rabin kujerun ginin nan, har da wadda nake zaune a kai ina zaginsa shekara da shekaru. Shi ba ya ramawa, sai dai ya ce, "Yaya, ki zauna a hankali, ta mutum ɗaya na yi."

Wata safiya ya sunkuya ɗaukar guduma bai miƙe ba. Ya dawo daga asibiti da ɓarin dama a shanye, hannun na lilo kamar ba nasa ba, maganarsa kuma ta koma guntu-guntu. Ƙafar dai ta yarda tana jan ƙasa, yana iya zagaya ɗaki idan ya dafa bango.

Ita ba ta da halin barin aiki, don maganinsa daga can yake fitowa. Tana fita da sassafe, sai yamma. Abincin rana ne matsalar. Na ce a bar mini, ai ƙofa da ƙofa muke. Ranar farko na kai masa cokali baki, ya dube ni, ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bai ci komai ba. Na yi masa tsiya, na yi masa lallashi, na ce ko sarauta yake ji da ita. A rana ta uku ya tattaro kalma biyu da ƙyar ya ba ni: "Da kaina."

To, sai ta koma dafa na dare da yawa, ta ɗebi saura ta ajiye masa a firij. Ɗansu na fari, wanda muke kira Manaja tun yana rarrafe saboda son ba da umarni, ya taɓa saya musu injin ɗumama abinci. Ta ɗora shi a kan tebur kusa da kujerar uban, maɓalli ɗaya kawai zai danna. Daga firij zuwa teburin taku bakwai ne. Mu muna yin su ba mu sani ba. Shi kuwa kowane ɗaya sai ya tsaya ya yi shawara da ƙafarsa.

Da farko a roba mai murfi ta zuba masa. Ta dawo ta tarar da robar a rufe, gefen murfin duk shaidar haƙora. Sai ta koma kifa faranti a kan kwano. A taku na uku farantin ya zame, miyar ta bi rigarsa ta malale ƙasa. Bai kira ni ba. Ya durƙusa zai goge, ya kasa tashi, a nan ta same shi da yamma zaune a cikin miya da tsumma a hannu. Ta yi masa wanka, ta wanke ɗakin, sannan ta shigo wurina ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana gyara mini matashin kai da ba abin da ya same shi.

Labari ya kai wa Manaja, ban ce ba ni na kai ba. Ya bugo waya ya ce ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauki ubansa. Gidansa tafiyar yini guda ce, akwai ɗaki, akwai mai aiki. Ita kuma ta zauna ta ƙarasa shekarunta na aiki, ta riƙa zuwa in an ba ta hutu. Maganar ba ta mugunta ba ce, shi ya sa ta fi ciwo. Mutum biyu da ba su taɓa raba ɗaki ba tun ranar da aka kai ta, za a raba su saboda kwano.

A cikin waɗannan kwanaki ne ta shiga farautar leda. Ta sayo wata siririya da ke cukuikuyewa tun kafin ta bar kwalinta, ka rasa bakinta kamar rigimar dangi. Ta sayo wata mai kauri da ke kwanciya a kan kwano kamar baƙuwa, da an taɓa ta tashi. Ta mai kantin ita ce ta uku, kuma bayan ya ci mata mutunci ta gano ita ce ta gari.

Sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. Ledar ta kama, ta kama har Kafinta ya kasa ɓare ta. Ya yi ta ƙwaƙular gefen kwanon da farce, daga ƙarshe ya huda ta da cokali, guntayen suka faɗa cikin abincin.

Wata ranar hutunta na leƙa aron gishiri, na tarar da ita tsaye a gaban firij, ta ɗaure hannunta na dama a baya da ɗankwali.

"Ke kuma wa ya kama ki? Me kika sata?"

"Yaya, matsa mini hanya. Taku na huɗu nake."

Da hannun hagu take ɗauko kwano, ta rungume shi a ƙirji, ta ja ƙafa kamar yadda yake yi, ta ajiye, ta gwada buɗewa. Ta yi haka ya fi sau ashirin. A nan ta gano dabarar. Takan shimfiɗa leda biyu, ɗaya ta gicciye ɗaya, ta danne ko'ina, amma ta bar kusurwa guda ta ninke ta sau uku har ta yi kauri ta tsaya cirko. Ita take kira kunne. Idan ya tokare kwanon da ƙirjinsa ya ja kunnen, ledar gaba ɗaya sai ta biyo. Kullum kunnen na fuskantar ƙofar firij ta hagu, don kada sai ya juya kwanon. Tun daga ranar, da yamma kwano a wanke take samu, ledar kuma a ninke a gefe, don Kafinta bai iya yar da abu ba.

Manaja ya iso ƙarshen wata kamar yadda ya ce, da jaka babu komai a ciki don kayan uban. Aka kira ni a matsayin babba, ko da ba a kira ni ba ina zuwa. Ya zauna yana jero dalilansa, uwar tana ninke kaya. Rana ta take, sai Kafinta ya dafa tebur ya miƙe. Yunwa ba ta san ana taro ba.

Ɗan ya zabura zai riga shi zuwa firij. Uwar ta riƙe masa gefen riga.

"Zauna."

Muka zauna muna kallo. Ya buɗe firij, ya rungumi kwanon, ya juyo. A taku na biyar ƙafar ta ƙi, kwanon ya karkace har miyar ta kwanta a jikin ledar, muna ganinta ja. Ya tsaya yana haki, sannan ya ƙarasa. Ya ja kunnen, ya ɗumama, ya fara ci. Cokali ɗaya cikin uku a rigarsa yake ƙarewa. Bai dubi kowa ba.

Idon Manaja ya kawo ruwa, muryarsa ta hau.

"Umma, wannan ai azaba ce! Kusan rabin awa kafin mutum ya kai loma baki? Dubi rigarsa. Iya, ki gaya mata gaskiya mana."

Na kau da kai ina gyara ɗaurin ɗankwalina.

"A gidana ba zai ɗaga ko cokali ba," in ji shi. "Yana zaune za a kawo masa, a ba shi a baki, a goge masa. Me ya fi wannan?"

Mai Guga ta ajiye rigar da take ninkewa, ta shafe ta da tafin hannu har ta kwanta, sannan ta ɗago.

"Allah da ya karɓi hannu ɗaya, ai ya bar masa ɗaya. Kai ne ka yi tafiyar yini guda ka zo karɓe wanda ya rage?"