Munduwar Inna da Motar Barmu

Mun tashi daga Tawa da asuba, tun ladanin unguwarmu bai gama share maƙogwaro ba. Na ce "mun" don girma kawai. Ni ne, da gwangwanin madara a aljihu, da wani ɗan kabu-kabu da ya kai ni tasha shina gudu awa gidansu ke cin wuta.

Bari in hwaɗa muku abin da ya fitar da ni, don wasunku har sun fara cewa mata na tahi nema. Kun san sana'ata, ƙirar azurfa: zobe, 'yan kunne, abin wuya. Da Innarmu ta rasu, Allah shi jiƙanta, ta bar munduwa guda mai nauyi, ta tsage gefe ɗaya. Yayata ta kawo min ita ta ce in narka in yi wa ɗiyarta abin wuya, don ta gama karatun ungozoma, an tura ta aiki Abalak, ƙarshen wata za ta tahi. Munduwar nan ta daɗe wurina. Duk abin da na zana sai in ga kamar na taɓa ganinshi a wuyan wata. Rannan Yaya ta zo shago ta tsaya bisa kaina.

"Auta, in kanka ya bushe ka hwaɗi. Maƙeran Buzaye na nan bakin kasuwa, su ba su da dogon tunani."

Ku duba min. Azurfar uwata a hannun maƙwabta, ni kuma in zauna ina yi musu sannu da aiki.

Ga kuma sharaɗi. Ba a narka kayan Inna sai ƙanwarta, Iya, da ke Barmu, ta ga abin da za a yi ta yarda. Iya kuwa ba ruwanta da hoton waya, ta ce abin da hannunta bai taɓa ba, ba ta gan shi ba. Mu aikinmu haka yake: ka fara siffanta abin da kakin zuma, ka lulluɓe shi da laka, ka gasa kakin shi tsiyaye, sannan ka zuba narkakkiyar azurfa a gurbinshi. Sai na zauna na leƙa waya, na haɗa wani fure da kaki, ganye bisa ganye, da lanƙwashe-lanƙwashe waɗanda ko sauro sai ya yi hattara in zai sauka. Na shimfiɗa mishi auduga cikin gwangwani kamar jariri. Shi zan kai wa Iya.

Motar da na samu a tasha wata 'yar bas ce da ta girmi direbanta. Ƙofar da igiya anka ɗaure ta, sama buhunan albasa da awaki biyu suna kallonmu awa su ne masu motar. Kuɗin mota ya hau, direba ya ce laifin isansi ne, wato fetur. Na ƙara mishi wani abu ya ba ni gaba, don kada a matse min fure. Da na zauna na ce aljihu ma ba tabbas, rana za ta bugo ta gilashi. Sai na tura gwangwanin ƙarƙashin kujera, can cikin inuwa, na yaba wa kaina da wayo.

Muddin muna bisa gudoro, hanyar kwalta, lafiya lau. Da munka sauka hanyar duwatsu kuwa, haƙorana sunka fara gaisawa da juna. Wanda bai san ƙasarmu ta Adar ba bai san dutse ba. Gona dutse, hanya dutse, in ka ga akuya ta sunkuya sai ka rantse dutsen take ci. Amma ka gangara kwari sai ga kore shar, mata na ɗibar ruwa, maza na jan guga a lambun albasa. Kusa da ni wani malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, da anka turo daga kudu, tun Tawa yake tambayata ko akwai inda ƙasa take a ƙasar nan. Bayanmu wata 'yar kasuwa daga Kalfu da buhun kauɗar tumatir, ta sayar wa rabin motar kafin rana ta ɗaga. Ni dai ban zauna daidai ba. Ina ta tsara yadda Iya za ta riƙe baki in ta ga furen.

Wajen hantsi motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta tsaya. Munka fito munka raɓe ƙarƙashin wata aduwa mai inuwa awa rariya. Wata Bafulatana ta ɓullo da nono, wani kuma da cuku busasshe wanda sai ka yi shawara da haƙoranka kafin ka ciza. Ina cikin tauna sai na ga direba ya kama kujerar da na zauna ya ɗaga ta sama. Tururi ya taso. Jama'a, ashe injin motar nan ƙarƙashin kujerar gaba yake. Ni da nake wuni gaban wuta, ni na ɗora kaki bisa murhu, na hau na zauna ina gadi, har da biyan ƙari.

Na buɗe gwangwani. Fure ya zama miya, auduga na iyo a ciki. Malamin lakkwal ya leƙa ya ce, "Maganin mi ne?" Na ce na wauta ne. Na tsaya bakin hanya ina neman motar komawa, ba ko jaki. Dole da anka ba injin ruwa ya huce na sake hawa, gwangwani a cinya, ina ta gina ƙarya ina rushewa har Barmu.

Iya na zaune ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Munka gaisa, ta tambayi kowa har da kajin Yaya, sannan ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta tsoma yatsa.

"Man shafawa ne kaz zo min da shi tun daga Tawa?"

Na yi bayani, har da zana furen a iska.

"Ɗan nan, ni ban ga fure ba. Munduwar 'yar'uwata ta zamna yadda take, ko a kai ma waɗanda sunka san wuta na da zahi."

Ta shiga ta damo min fura a wata tsohuwar ƙwarya. Na sha, ba daɗi ba rashin daɗi, don bakina ya mutu. Na zauna ƙwarya a cinya. Na kwaso kakin da ya fara daskarewa, ina tsince auduga, ina murzawa, ina dannawa jikin ƙwaryar ba tare da na sani ba, Iya na ta karanta min tarihin shirmena tun ina rarrafe. Da na ɓamɓaro shi zan sake murzawa, sai na tsaya. Wani layi ya fito a jikinshi, 'yan ƙananan gicciye-gicciye a jere, sun tahi sun karkace sun dawo. Na juya ƙwaryar. Ta taɓa tsagewa anka ɗinke ta.

"Iya, wane gyartai ne ya yi wanga ɗinki? Ko a buge yake?"

Ta ƙwace ƙwaryar. "Uwarka ce, marar kunya. Zuwanta na ƙarshe tag gyarta min ita. Ba ta iya ɗinki ba tana shiru, in labari ya yi daɗi sai basilla ta bi labarin. Ka ga nan inda yal lanƙwashe? Nan muna zancen aurenka ne."

Na miƙa mata kakin. Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa. Can ta ce, "Wanga ni gane shi. Narka."

Ban ƙara yarda da wata mota ba. Nan take na gyara gefen kakin da wuƙar Iya, na yi mishi kunnen rataya, na roƙi laka wurin maƙwabciyarta mai ginin tukwane, na lulluɓe shi tun a Barmu. Yanzu ko cikin injin anka jefa shi, siffar ta zauna. A komawa can baya na zauna tsakanin tunkiya da buhun gero, na rungume dunƙulen laka, kowa na yi min kallon mai aljanu.

A shago na sa munduwar a wuta. In ta narke ta narke. Laka kuma sau ɗaya ake fasa ta. Na zuba, na jira, na zaga shagon har ƙafata ta san kowace ƙusa, sannan na fasa. Ɗinkin ya fito, a lotse cikin azurfa, da karkacewarshi duka. Ban miƙar da gicciye ko ɗaya ba.

Yaya ta zo da ɗiyarta. Na aje shi bisa tafin hannun Yaya. Ta juya shi, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske.

"Wannan ɗinkin Inna ne," in ji ta. Sai ta ɗaura a wuyanta.

Ɗiyar ta ce, "Mama, ai nawa ne."

"Naki ne. Zan kai miki shi har tasha."

Ranar tahiya, a tasha, Yaya ba ta cire ba sai da direba ya yi ta danna oda.

Abin da tahiyar nan ta koya min: na yi ta haƙilo cikin waya ina neman furen da ban taɓa shinshinawa ba, alhali abin na nan jikin ƙwaryar da ake ba ni fura. Tun da na dawo nake bin gidajen mutane da dunƙulen kaki, ina danna shi jikin faifai, igiyar guga, bakin turmi. Matata ta ɓoye ƙorenta. Kuma in kunka ga direba ya yi saurin ba ku gaba, ku tambaye shi inda injin yake.