Ranar da Hadari Ya Tare Mu a Tsibiri

Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi a wannan aiki namu na hidimar baƙi, to ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wadda hadari ya tare mu a tsibiri, ni da wata tsohuwa da ɗanta da mai garaya.

A lokacin ni ne shugaban masu hidimar abinci a wani masaukin baƙi da ke bakin ruwan Tiga. Ga wanda bai san tsarin ba, manaja ne a sama, sai shugaban kicin wanda girki ke hannunsa, sai ni. Da zarar abinci ya bar kicin ya zama nawa, har sai baƙo ya wanke hannu. Akwai wani ɗan tsibiri a cikin ruwan, dutse ne da 'yan bishiyoyi, ana hango shi daga barandarmu. A hutun Sallah iyalai na son mu kai su can. Sai mu ɗebe su a jirgi mai inji, da tabarmi da kulolin abinci da mai kiɗa, su ci na rana su yi wasa, mu dawo da su kafin la'asar. Ƙa'idar ita ce kowa ya sa rigar nan mai hana nutsewa, kuma ma'aikaci ne ƙarshen barin tsibirin.

Wata Babbar Sallah ce da ta faɗo a farkon damina. Wani ɗan kasuwa daga Kano, Alhaji Lawan, ya zo da matarsa da yaransa da na ƙanwarsa, da kuma mahaifiyarsa, Inna Delu. Jirage biyu muke da su, amma injin ɗaya yana wajen makaniki. Na je na sami manaja na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan sun fi ƙarfin jirgi ɗaya."

Ya leƙa ta taga ya ce, "Isiyaku, sama fes take. Ku yi sawu biyu." Ɗanlami matuƙin jirgi, wanda a bakin ruwan nan aka haife shi, shi ma ya ce ba damuwa in dai za a dawo da wuri. Duk da haka raina bai kwanta ba. Na duba kulolin, na sake dubawa, na ɗauki tamfol da igiya da fulas ɗin shayi wanda ba wanda ya ce in ɗauka.

Da muka isa, komai ya tafi daidai. Na shimfiɗa tabarmi a inuwa, na jera waina da miyar taushe, da gasasshen karfasa, da soyayyen naman Sallah, da zoɓo mai sanyi. Bawa mai garaya, wanda ke yi wa baƙinmu wasa, ya zauna kan dutse ya fara kaɗawa yana saka sunayen yaran a cikin waƙa, su kuwa suna ta tsalle suna dariya.

Inna Delu kaɗai ce ba ta zauna ba. Ta dogara sandarta ta hau can saman dutsen. Jikokin suna tsokanarta wai ta tafi neman miji, ko juyowa ba ta yi ba. Na zuba mata abinci na bi ta da shi. Na same ta durƙushe gaban wani fale-falen dutse mai ramuka masu santsi, tana shafa ɗaya da tafin hannunta.

"Ɗan nan, ka san mene ne wannan?"

Na ce, "A'a, Inna."

"Nan muke niƙa. Wannan ramin na mahaifiyata ne." Ta nuna ruwan da sandarta. "Gidanmu yana can ƙasa. Wannan ba tsibiri ba ne, dutsen bayan gidanmu ne. Ina amarya aka tashe mu saboda dam, ban sake taka nan ba sai yau."

Da na gaya wa Alhaji sai ya ajiye cokali. Ya ce ita ta matsa a zo, amma abin da ta ce masa kawai shi ne tana son ganin ruwa.

Ba a jima ba Ɗanlami ya taɓa kafaɗata ya nuna gabas. Hadari ne ya haɗo, baƙi ƙirin, kuma iskar ta riga ta sauya. Ya ce, "Malam Isiyaku, a tattara. Yanzu-yanzu."

Tsarinmu a irin haka shi ne mata da yara da tsofaffi su fara tafiya. Na sa wa yaran rigunansu na hana nutsewa, muka shigar da su jirgi. Alhaji ya hau dutsen ya kira mahaifiyarsa, ta ce ba ta gama ba. Ya roƙe ta, ta ce a bar ta. Na hau ni ma na durƙusa na ce, "Inna, don Allah, hadari ne." Ta ce, "Na ga hadari kafin a haife ka." Muna wannan ja-in-ja, Ɗanlami yana ƙwala mana kira daga ƙasa, ruwa ya fara kaɗa jirgin yana buga shi da dutse. Daga ƙarshe ya ce shi ba zai ƙara jira da yara a ciki ba.

Alhaji ya sauko ya sa ƙafa ɗaya a jirgi, ya cire, ya sake sawa. Matarsa ce ta raba gardamar. Ta ce, "Alhaji, zauna da Inna. Allah na tare da mu." Jirgi ya tashi, aka bar mu mu huɗu.

Ko rabin hanya ba su kai ba iska ta iso. Ina kallon jirgin yana hawa yana sauka, sai ruwan sama ya sauko kamar an ja labule, na daina ganinsa gaba ɗaya. Na ciro waya, babu sabis. Alhaji ya gwada tasa, haka. Na ɗaure tamfol tsakanin bishiya da dutse, iska ta fizge gefe ɗaya. Na sake ɗaurewa. Kwanuka suna gangarawa cikin ruwa, ban ko bi ta kansu ba. Ni da Bawa muka tallafo Inna muka kawo ta ƙarƙashin tamfol ɗin, na naɗe ta da darduma, domin jikinta ya fara rawa. Bawa ya cusa garayarsa cikin riga ya rungume ta.

Alhaji kuwa ya ƙi shigowa. Yana ta kai da kawowa a bakin ruwa, ya jiƙe sharkaf, yana kiran sunayen yaransa ɗaya bayan ɗaya. Ya juyo kaina ya ce, "Ku ne kuka ce ba matsala!" Ni ma ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. In na leƙa Inna sai in koma bakin ruwa, in na je bakin ruwa sai in tuna Inna.

Inna ta kira ɗanta. "Lawan, zo ka zauna."

Ya ce, "Inna, da tuni sun isa, in da ba don..."

Ta ce, "In da ba don ni ba. Ƙarasa." Ta daɗe tana kallon inda jirgin ya ɓace, sannan ta ɗaga hannuwanta. "Ya Allah, ruwan nan ya ci gidanmu, ya rufe kabarin mahaifina, ban ce komai ba. Kada Ka bar shi ya taɓa mini jikoki." Muka ce amin. Na zuba mata shayi, sai ɗanta ya zo ya riƙe mata kofin.

Ruwan ya tsagaita, iska ta lafa, amma jirgi bai dawo ba. Wannan jiran ya fi hadarin wuya. Muka yi sallar la'asar a kan jiƙaƙƙen dutse. Shirun ya yi nauyi har na ce wa Bawa ya taɓa wani abu, ko da a hankali ne. Ya dube ni kamar na zautu, amma ya ciro garayar. Tsirkiyar ta sha danshi, sautin ya dusashe. Can sai muka ji Inna tana bin sa ƙasa-ƙasa da wata tsohuwar waƙar niƙa, shi kuma ya sauya kiɗan ya bi ta. Alhaji, wanda ya sake miƙewa, ya dawo ya zauna kusa da ita. Bayan wani lokaci ya ce, "Inna, ta ina gidan yake?" Ta nuna masa. Ta nuna masallaci, da rijiya, da gonar kakansa, duk a kan ruwa ɗaya shimfiɗaɗɗe, shi kuma yana bin sandar da ido yana gyaɗa kai.

Rana ta yi ƙasa sosai kafin mu ji ƙarar inji. Da jirgin ya matso muka ga Ɗanlami shi kaɗai. Alhaji ya faɗa ruwa har ƙugu. Ɗanlami ya ɗaga hannu tun daga nesa. "Lafiya lau suke, Alhaji! Duk lafiya!"

Ashe da ya ga ba zai iya ƙetare iskar ba, sai ya bi ta, ta kai su wani sansanin masunta inda danginsa suke. Matan wurin suka ba yaran busassun zannuwa, suka hura musu wuta. Farfelar injin ce ta naɗe wata tsohuwar komar kamun kifi, shi ya sa ya jinkirta. Manaja ya riga ya tura mota ta ɗauko su.

Alhaji ya goya mahaifiyarsa ya sa ta a jirgi. Na tattara abin da ya rage na shiga a ƙarshe. A masauki, Inna ta kama jikokin ɗaya-ɗaya tana shafa kawunansu tana kuka, su kuwa suna rige-rigen ba ta labarin masunta. Washegari Alhaji ya neme ni ya ba ni haƙuri kan tsawar da ya yi mini. Manaja kuma ya kafa doka cewa ba za a ƙara kai iyali tsibiri da jirgi ɗaya ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki muna shirya wa iyali abinci ɗaya da tabarma ɗaya kamar duk abu ɗaya ya kawo su, alhali ba haka ba ne. Yara wasa ya kawo su, uba hutu, wata kuma gida ta zo. Don haka in iyali suka iso, ku gaida maigida yadda ya kamata, sannan ku je ku durƙusa gaban wanda ya fi kowa tsufa a cikinsu, ku tambaye shi ko ya san wurin nan. Ku tsaya ku ji amsar kafin ku loda kula ko ɗaya a jirgi.