To, Allah Ya Sa Alheri

Shekara takwas na yi a ma'aikatar tarayya, inda ko hutun kwana ɗaya kake so sai takardarka ta ratsa tebur biyar. Idan an ƙi, da jan biro za a rubuta maka an ƙi. Na tsani wurin, har ina yi masa kirari da maƙabartar fayil. Da farar hula suka dawo, gine-gine suka fara tsirowa a Abuja ta ko'ina, sai na ajiye aikin na koma kamfanin wani Alhaji ɗan Kano mai kwangilar gidaje.

Can babu takarda. Tare muke cin abinci a tire ɗaya, Alhaji ya ja mu salla, yana kiran kowa ɗana. Na ce lallai kakata ta yanke saƙa. Abin da ban lura ba shi ne, tunda na zo ban taɓa jin ya ce wa wani a'a ba.

A wata na bakwai aka bugo waya cewa jikin mahaifiyata ya yi tsanani a Katsina. Na shiga ofishinsa na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina neman izinin mako biyu in je jinya."

Ya dubi taswirar ginin da muke gaggawar miƙawa, ya ja carbi. "To, Allah ya sa alheri."

Na yi godiya na kama hanyar tasha. Kwana goma sha ɗaya ina gefenta, ta cika a hannuna. Bayan sadakar bakwai na dawo.

A kujerata na tarar da surukin Alhaji, har ya sauya makullin durowa. Tsohon direban kamfanin ne ya ja ni gindin bishiya.

"Malam, kai ba ka san maganar Oga ba? In ya yarda, cewa yake a ba ka mota. Waccan addu'ar da ya yi maka, hani ne. Kowa a nan ya sani."

"Kuna gani na ɗauki jaka, me ya hana ku faɗa mini?"

"Mu shiga tsakanin ɗa da uba?"

Alhaji ya yi mini ta'aziyya mai tsawo, har idonsa ya kawo ruwa. Maganar aiki kuwa bai tayar ba, ni ma kunya ta ɗaure mini baki. Ba a kore ni ba balle in kai ƙara, wurin zama ne kawai babu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma rabin haushin na kaina ne.

Matata tana da cikin wata takwas a lokacin, sai na ɓoye mata. Kullum da safe sai in saka kaftanin da ta goge mini, in gangaro daga unguwarmu Mpape, in zauna a rumfar mai shayi kusa da masu fasa dutse har a yi la'asar. Sai a rana ta tara ta tambaye ni abin da ke kawo farar ƙura a hular mai aikin ofis.