Osilon Kawu Ba Ya Magana Bayan Azahar

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gyaran rediyo da talabijin yake yi tun kafin a tashi tsohon Zongo a kawo mu nan bayan gari. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofa na kallon titi, taga na kallon tsakar gida. Hoton shugaban ƙasa na rataye saman teburin aiki kamar a kowane shago na lokacin, kuma duk rediyon da ya gyara, waƙar yabon mai hoton ce take fara fitowa daga cikinta. Kawu kan ce da haka yake gane gyara ya yi.

Abin da ya fi ji da shi a shagon shi ne osiloskop, wanda yake kira osilo. Akwati ne mai ɗan gilashi kamar tafin hannu. In ka ɗora tsinkensa a wani wuri cikin rediyo, sai ya zana yadda wuta ke tafiya a wurin, koren layi mai hawa da sauka, daga siffarsa mai gyara ke gane abin da ya lalace. A hannun wani Bature injiniya da zai koma gida ya saye shi.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Ya koma manna fuska a jikin gilashin, aikin kwana ɗaya ya zama na mako. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, yana sayar da tayoyi a Kwatano, ya zo ya yanke magana: in har babbar salla ta wuce aiki bai koma daidai ba, za a kwashe rediyoyin a zuba tayoyi, Baba ya huta. Ni kuwa raina ya ɓaci, don na san ranar da aka rufe shagon nan, mutumin nan ba zai daɗe ba.

A lokacin ina aikin buga takardu da kwamfuta a wani kamfanin fiton kaya a Adawlato, wajen babbar kasuwa. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da aka jingine a kusurwa, na roƙa aka bar min. Na lura bayan osilon akwai wurin sa waya, kuma Baturen ya bar disket, ɗan faifan kwamfuta, mai ɗauke da manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, logisiyel muke cewa a zamanin. Dabarata ita ce layin nan ya fito a allon kwamfuta, ƙato, yadda Kawu zai gan shi daga kan kujera. Teburinsa ba sauran wurin jona wuta, don haka muka jawo wa kwamfutar waya ta taga daga ɗakin Inna, mahaifiyata.

Asabar kaɗai nake da ita. Ta farko na zo da sassafe, na daidaita gudun da na'urorin biyu za su riƙa aika wa juna saƙo da shi, a jikin osilon da kuma cikin manhajar, don in gudun bai zo ɗaya ba, ba sa fahimtar juna. Kafin hantsi layi ya fito, shuɗi-shuɗi, faɗin allo. Kawu ya ce, "Madalla, Madam Ordinater," wato Madam Kwamfuta. Aka kira azahar, na shiga gida na yi salla da su Inna, na ci tuwo, na dawo. Koren layin na nan a gilashin osilo yadda na bar shi. Allon kwamfuta kuwa ya cika da tarkacen haruffa marasa kan gado.

Haka muka yi ta yi Asabar bayan Asabar. Da safe in faro komai daga tushe, in buɗe manhajar in canza wani layi da nake zargi, abu ya yi aiki, in ce na kama ɓarawon. Bayan azahar ya watse. Na zargi disket na kwafe shi a sabo. Na zargi waya na warware ta na sake liƙewa. Na zargi zafin kwano, har fankar Inna na ɗauko na kafa wa kwamfutar, Inna na ta mita wai injin ya fi ta daraja. Wani abokin aikina ɗan unguwar Nyékonakpoè ya duba ya ce wutar Zongo ce ba ta da kyau, shi dama komai na Zongo ba shi da kyau a wurinsa.

Na tambayi Kawu ba sau ɗaya ba, "Kawu, ka taɓa wani abu bayan na shiga?"

"Me zan taɓa, 'yar nan? Ni da ban san hanci da bakin abin naki ba. Masallaci na tafi na dawo, c'est tout, shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa, iyakar saninsa.

Ana saura kaɗan babbar salla, wata Asabar ta zo ba na salla, sai na zauna a shagon ina ta hararar allo. Ladan ya kira. Kawu ya ajiye ƙarfen dalma, ya ɗauki buta, ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya ja wani babban makunni. Osilo ya mutu, fitilar tebur ta mutu, kwamfuta na nan a kunne tunda wutarta daga ɗakin Inna take.

Na ce, "Kawu! Me ka yi yanzu?"

"Kuran na kashe, wutar tebur. Ana barin ƙarfe da zafi a tafi masallaci?"

Ashe tun a tsohon Zongo, da ƙarfen dalma ya taɓa cinye masa tebur yana sahu, bai ƙara fita salla bai kashe wutar teburin ba. In ya dawo ya kunna. A wurinsa wannan ba taɓa wani abu ba ne, kamar cire takalmi ne a ƙofar masallaci. Ni kuma kullum a lokacin ina cikin gida kan darduma. Ɗan batirin da ke riƙe wa osilon abin da aka saita masa ya daɗe da mutuwa, don haka duk kashewa sai ya manta gudun da na ba shi ya koma wanda ya zo da shi daga masana'anta.

Ban ce ya daina kashewa ba, wa zai fara? Kafin ya dawo na gyara layi ɗaya a manhajar, na mayar da ita kan gudun da osilon ke farkawa da shi. Ya shigo ya ja makunnin, layi ya fito. Na kashe da kaina na kunna, ya sake fitowa. Daɗi ya kama ni har na buga tebur.

Na jawo masa kujera gaban allon, na ɗora tsinken a cikin wata rediyo da ta daɗe tana jira. Ya zauna ya ƙura ido. Ya matso. Ya ƙara matsowa har numfashinsa na taɓa gilashin.

Ya ce, "Ya fito?"

Layin ya kai kaurin yatsana. Sai a lokacin na tuna duk safiyar da yake cewa madalla, ni nake fara cewa ga shi nan. Ashe ko wannan ƙaton layin ba ya gani. Na ce ya fito.

"To faɗa min yadda yake. Kansa a tsaye yake ko a gundule?"

Na ce a gundule yake ta sama, kamar an yanke da wuƙa. Ya gyaɗa kai, ya lalubo cikin rediyon da yatsa, ya tsaya kan wani ɗan transisto ya ce in cire wannan. Muka sa sabo, waƙar yabo ta tashi.

Ya rage muryar rediyon, ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Kar ki gaya wa yayanki. Asabar ki zo da wuri, akwai talabijin biyu."